Wasa na Biyar

Tun kafin a gama tsinkar auduga a gonakin da ke kewaye da Tallahala, kowa a garin ya san bana ma ba shekararsu ba ce. Ƙungiyar ƙwallon kwalejin, irin ƙwallon nan ta jifa da hannu da bangaje-bangaje, wadda ake wa laƙabi da Alfadarai, ta ci wasanta na farko, aka yi ta busa ƙaho ana kaɗa ganguna kamar an ci yaƙi. Daga nan sai aka shiga shan kashi, Asabar bayan Asabar, har mutane suka gaji da jin haushi. Wannan ne ya fi ci wa Lucius Tillery rai. Zagi kam ya saba da shi, tun yana da baƙin gashi yake koyar da ƙwallo, kuma babu jihar da ya zauna ba a zage shi ba. Amma ka shiga shagon aski ran Litinin, a dube ka a ce, "Koci, ya gida?" sannan a koma hirar kamun kifi, to an riga an binne ka ke nan, addu'a kawai ta rage.

Ba shi ne babban koci ba. Nasa aikin masu jifa ne, wato 'yan wasan da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane karo, su jefa ta ko su danƙa wa mai gudu. In an ci a ɗauke su a kafaɗa, in an sha kashi a ce hannunsu ya mutu. Babban kocin Braswell ne, wani jibgegen mutum mai jan wuya, kuma har karnukan garin sun san za a sallame shi da zarar an buga wasan ƙarshe. In aka sallami babba kuwa, da mataimakansa ake haɗawa. Mai saran itace ba ya shawara da tsuntsayen da ke kai.

Matar Lucius, Earline, ba ta jira sanarwa ba. Tun tsakiyar Oktoba ta sauko da kwalayen da suka yi ƙaurar baya da su, ta jera a falo.

"Wannan karon ka nemo mana garin da babu sauro," in ji ta, tana naɗe faranti da tsohuwar jarida.

"Ba a kore mu ba tukuna."

"Ai kullum haka kake cewa. A Arkansas ma haka ka ce, har mai gida ya zo karɓar makulli."

Lucius ya ja kujera ya zauna. Gwiwarsa ta hagu tana masa zugi, ga bayansa da doguwar tafiyar bas ta sanƙarar. A wannan shekarar sun je wa manyan jami'o'i biyu har gida, irin waɗanda ke gayyatar ƙananan makarantu don su sami wanda za su nakaɗa a gaban 'yan kallonsu. An nakaɗe su kuwa, suka dawo da yara uku a kan sanduna. Ran Lahadi, mutane na coci, shi yana ɗaki mai duhu yana maimaita kallon bidiyon dukan da aka yi musu jiya, ya mayar baya, ya sake kallo, kamar in ya daɗe yana kallo sakamakon zai canja. Gajiya ce irin wadda barci ba ya maganinta.

Abu ɗaya ne ya rage masa a wannan shekara da yake jin bai lalace ba, shi ne zancen Cordell Pettway.

Shekara huɗu da suka wuce Lucius ya tuƙa mota har Belzoni, ya zauna a falon kakar yaron, Mis Odessa. Tsohuwa ce da ta ƙare ƙuruciyarta tana feɗe tarwaɗa a masana'anta, har yatsunta suka lanƙwashe. Ita ta riƙe Cordell tun yana rarrafe. Ta ajiye wa Lucius soyayyen kifi da burodin masara, ta bar shi ya gama zuba daɗin bakinsa game da fili da riguna da talabijin, sannan ta ce:

"Koci, ni ƙwallon nan ba ta dame ni ba. Na ga yara da yawa sun tafi da ƙwallo sun dawo da ɗingishi. Takarda nake so. Zai fito da takarda?"

"Zai fito da ita, Mis Odessa."

"Ka ci abincina fa."

"Na ci, kuma na yi alkawari."

Alkawari kaya ne, kuma wannan ya yi nauyi fiye da yadda Lucius ya zata. Shekara biyun farko an yi ta cusa wa yaron darussa masu sauƙi don kada su yi karo da lokacin atisaye. Sai a ta uku Cordell ya farga, ya ce shi malamin lissafi yake so ya zama, ya koma kusan daga tushe. Yanzu ga shi a shekararsa ta ƙarshe ta wasa, karatu kuma da sauran shekara guda cur. Tallafin karatun na ɗan wasa ne. Ranar da wasa ya ƙare, ranar yake ƙarewa. Kwalejin da ruwa ke zuba a ɗakin karatunta ba ta da abin ciyar da wanda ya daina yi mata wasa.

Sai wata masifa ta zo da sauƙi a cikinta. Cordell ne ya fara wasanni huɗun farko, a na huɗun aka danne shi kafaɗarsa ta goce. Kafin ya warke wani ɗan shekarar farko mai suna Trey Mabry ya gaje wurinsa. Doka kuwa ta ce shekara huɗu ɗan wasa yake da ita, amma duk shekarar da bai wuce wasa huɗu ba, ba a lissafa masa ita. Jar riga ake ce wa wannan. In Cordell ya haƙura ya zauna har ƙarshe, zai dawo baɗi da wasansa da tallafinsa, ya ƙarasa karatu. In kuwa ya taka fili a wasa na biyar, ko da na ƙiftawar ido ne, shekarar ta tafi.

Lucius ne ya kai maganar wa Braswell.

"Ka ajiye shi," in ji Braswell, bai ko ɗago ba. "Wanda zai gaje ni ya ci moriyarsa. Amma zai sa kaya ya tsaya a gefe, ba ni da mai ba Trey alama. In wani abu ya sami Trey fa?"

"Booker zai shiga. Ya yi jifa a sakandare."

"Booker?" Braswell ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Allah ya raba mu da wannan rana."

Haka aka yi. Mai jifa na uku ya riga ya tattara kayansa ya koma gidan ubansa tun da aka fara shan kashi, don haka kowace Asabar Cordell ya sa kayansa tsaf, ya tsaya a hannun daman Lucius yana nuna wa Trey dabarar kowane karo da alamun hannu. Booker kuma aka ce ya tsaya a bayan Lucius. Shi Booker ɗan wasa ne na ajiya, dogo siriri, mai ƙafar yawo. Ka waiga yanzu ka gan shi wurin tulun ruwa, ka sake waigawa yana yi wa 'yan matan makaɗa murmushi.

"Booker," Lucius ya ce masa, "in na waiga ban gan ka ba, sai ka hau matakalar filin nan har ka ga kakanninka."

"Koci, ai inuwarka ce ni."

"Inuwa ba ta zuwa neman 'yan mata."

Lucius yana da wata koyarwa da aka san shi da ita duk inda ya yi aiki. Yakan ce mai jiran gado ba shi da lokacin tunani. Ana cikin hira, ko a layin abinci, ko a bakin bas, sai ya dafa kafaɗar yaro ya ce, "Tafi." Dole yaro ya zabura a guje kamar fili zai shiga. Wanda ya tsaya tambayar "Ina?" ko "Ni?" ya sha matakala. "In na ce tafi, ƙafarka ta riga kunnenka ji," haka yake faɗa. Yaran har sun mayar da abin wasa, suna yi wa junansu a ɗakin wanka. A duk waɗanda ya taɓa koya wa, babu kamar Cordell. An taɓa dafa shi yana riƙe da faranti cike da wake, ya zabura har bakin ƙofa bai zubar da ko ƙwaya ba. Lucius yana alfahari da wannan, yakan ba da labarin a taron kociyoyi.

Ran Alhamis ta makon ƙarshe, bayan atisaye, ya tarar da Cordell zaune a benci yana kwance igiyar takalmi.

"An sa sunanka cikin masu bankwana?" ya tambaye shi.

Al'ada ce, a wasan ƙarshe na gida, kafin a fara, a kira 'yan shekarar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya a lasifika. Kowa ya fito da iyayensa a gefensa, a ba uwa fure, su taka har tsakiyar fili.

"Na ce su cire. Ba a bankwana sau biyu, Koci."

"Mis Odessa ta sani?"

Cordell ya yi dariya. "Ai da ƙyar na sha. Ta riga ta sayi hula tun bazara, shuɗiya, da wani gashin tsuntsu kamar zai tashi da ita. Ko coci ta ƙi zuwa da ita, wai kada idon mutane ya tsofar da ita kafin ranar. Na ce Mama, mayar da ita kwali sai baɗi. Ta ce in ta mutu kafin baɗi fa? Na ce sai a binne ki da ita."

"Ba ka da kunya."

"Amma za ta zo. Wai tana so ta ga yadda nake tsayuwa." Ya juya takalmin a hannu. "Koci, gaskiya ne za a kore ku?"

"Wannan ba damuwarka ba ce. Kai dai ka tsaya inda na ajiye ka. Duk wanda ya zo, zai tarar da kai da shekararka a hannu."

"To, Koci."

Asabar ta zo da yayyafi mai sanyi, irin na ƙarshen Nuwamba da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Rabin kujerun filin babu kowa. Makaɗa sun lulluɓe gangunansu da leda. Mai lasifika ya shiga kiran masu bankwana: sunan yaro, garinsu, wanda ya rako shi, da abin da zai kammala karantawa a watan Mayu. Uwaye suna takawa a hankali don tsinin takalmansu na nutsewa a laka. Cordell yana cikin layin masu tafi. A kujerun da ke bayan benci Lucius ya hango Mis Odessa, da rigar ruwa ta leda da wani tsohon ɗankwali, ta ɗora hannu biyu a kan sandarta. Ta ɗaga masa yatsu, ya ɗaga mata.

Da an lallasa su tun farko kamar yadda aka saba, da kowa ya huta. Amma ƙungiyar da ta zo ita ma ragowar duka ce, ga laka ta daidaita kowa. Aka yi ta kokawa, a ci nan a rama can, har aka shiga kashin ƙarshe na wasan Alfadarai suna baya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Babu abin da ya kai sa rai mugunta ga wanda ya riga ya haƙura. Mutanen da suka zo don kawai sun riga sun sayi tikiti suka miƙe tsaye. Braswell, wanda tun Oktoba bai ɗaga murya ba, ya dawo da hargaginsa. Kowace ƙungiya tana da damar neman ɗan hutu a tsayar da agogo, shi kuwa ya ƙarar da nasa duka, na ƙarshen ma wajen musu da alƙalin wasa ya ɓata shi.

Lokaci ya kusa ƙarewa, ƙwallo na hannunsu, Trey yana tura su gaba kaɗan-kaɗan. Lucius ya manta da gwiwarsa. Ya manta da kwalayen falo. Muryoyi uku ne ke magana lokaci guda a na'urar da ke kunnensa, yana amsa wa kowa, yana faɗa wa Cordell abin da zai nuna, Cordell yana nunawa. Yaron ya sa hular kwanonsa a kai saboda ruwan da ke shigar masa ido.

Sai Trey ya rasa wanda zai jefa wa, ya ruga da ƙwallon da kansa. Ƙarti biyu suka haɗu a kansa. Ya tashi garau, babu abin da ya same shi, amma hular kwanonsa ta fita tana gangarawa cikin laka. Alƙali ya nuna masa gefe. Wanda hularsa ta cire sai ya fita na karo ɗaya, sai fa in ƙungiyarsa ta nemi hutu, su kuwa ba su da sauran hutu.

"Mai jifa!" Braswell ya kwarma a kunnensa. "Lucius, ba ni mai jifa, agogo zai tashi!"

Sabo turken wawa. Hannun Lucius bai shawarci kansa ba, ya sauka a kafaɗar da ya fi sani a duniya.

"Tafi."

Cordell ya tafi.

Karon bai ɗauki komai ba. Aka miƙo masa ƙwallo, ya juya, ya danƙa wa mai gudu, mai gudu ya yi taku ɗaya santsi ya kwashe shi. Shi ke nan. Trey ya ɗaure hularsa ya koma, Cordell ya fito yana sassarfa. Ko rigarsa ba ta ɓaci ba.

Har a lokacin Lucius bai farga ba, idonsa na kan agogo. Sai da ya ji an taɓa shi ta baya. Ya waiga, ga Booker, hula a hannu, a daidai inda aka ce ya tsaya.

"Koci," in ji Booker a hankali, "ga ni nan fa tun ɗazu."

Lucius ya dubi Booker, ya dubi Cordell da ya dawo hannun damansa ya tsaya. Muryoyin kunnensa suna ta magana, bai ƙara gane ko kalma ɗaya ba. Cordell bai dube shi ba. Ya ɗaga hannuwa ya ci gaba da ba Trey alama, da yake ya san tsarin kamar Lucius, bai ma jira a faɗa masa ba.

Jifa biyu bayan haka Trey ya saka ƙwallo a hannun abokan gaba. Aka busa tashi. Mutane suka naɗe ledojinsu suka kama hanya ba tare da ko tsaki ba, makaɗa suka busa taken makaranta da sauri don su tsere wa ruwa. Braswell ya cire na'urar kunnensa ya miƙa wa na kusa da shi, ya wuce ciki bai yi wa kowa magana ba.

Matar da ke kula da dokokin wasa a kwalejin ta sauko da lema ta sami Lucius a bakin fili. Mace ce mai kirki, shi ya sa ta kasa haɗa ido da shi.

"Ya shiga hoto, Koci, kuma masu lissafi sun sa shi. Za mu roƙi hukumar wasanni, za mu ce kuskure ne."

"Ana dacewa?"

"In rauni ne, wani lokaci. Kuskuren koci kuwa..." Ta gyara riƙon lemarta. "Za mu dai roƙa."

Yara suka shige ciki, ya rage Cordell kaɗai a benci, hular kwano a kan cinya. Lucius ya je ya zauna kusa da shi. Bencin a jiƙe yake, bai kula ba. Da ya buɗe baki, sai faɗa ya fito, don shi ne abin da ya iya.

"Me ya sa ba ka tsaya ba? Kai ba ka da baki? Ka ce mini Koci, ba ni ba ne!"

"Ban tuna ba sai da na kai tsakiya."

"To da ka tuna fa? Sai ka juyo!"

"Mutum goma na jirana, agogo na tafiya." Cordell ya share ruwa daga fuskarsa. Babu fushi a muryarsa, da ma akwai da Lucius ya fi jin sauƙi. "Shekara huɗu kana koya mini tafiya, Koci. Ban tuna ranar da ka koya mini juyowa ba."

Lucius ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta kama shi, da baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar da aka fara korarsa daga aiki. A duk shekarar nan abu ɗaya aka ba shi ajiya, kuma ba Braswell ne ya ɓarar ba, ba abokan gaba ba. Shi ne, da hannunsa, a kan taku ɗaya cikin laka.

"Laifina ne, ɗana."

"Na sani, Koci."

Suka ji ƙarar sanda a kan matakalar ƙarfe. Mis Odessa ce ke saukowa, tana dafa ƙarfen gefe, mai gadi yana biye da ita ya rasa ko ya tare ta ko ya taimaka mata. Cordell ya tashi ya riƙo ta. Ta tsaya tana mayar da numfashi, ta dubi jikanta sama da ƙasa.

"Na ga ka shiga," ta ce. "Har na yi tafi. Sai wani mutum a bayana ya ce wa ɗan'uwansa, sun ƙona wa yaron nan shekara. Na ce wane yaro? Ya ce mai lamba goma sha biyu. Na ce ai nawa ne." Ta juya ga Lucius. "Gaskiya ya faɗa?"

Lucius ya miƙe, ya cire hularsa. "Gaskiya ne, Mis Odessa. Ni na tura shi. Na manta."

"Ka manta."

"Za a roƙa. Kuma zan yi magana da mutane, akwai waɗanda na sani..."

"A ina za ka yi maganar? An ce gobe kai ma ba ka nan."

Ta daɗe tana kallon filin da babu kowa sai wasu ma'aikata biyu can nesa suna naɗe igiyoyi. Wani furen da aka ba wata uwa ya faɗi kusa da layi, an tattake shi.

"Wato yau ce ranarsa ta ƙarshe ke nan," ta ce. "Ga hulata can a kwali a kan kabad."

"Mama, mu tafi, za ki yi mura."

"Yi mini shiru." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta da lanƙwasassun yatsunta, ta ja rigar ledar ta daidaita, ta saƙala hannunta a na Cordell. Ta miƙa wa Lucius sandarta. "Riƙe mini. Na ga sauran matan babu mai sanda. Koci, kira shi."

"Na'am?"

"Yadda aka kira 'ya'yan mutane ɗazu. Na zauna na saurara tun daga na farko har na ƙarshe. Kira nawa."

Lucius ya dubi Cordell, ko zai cece shi. Yaron ya kafe ido a tsakiyar fili, ya miƙe kafaɗunsa. Babu lasifika, mai ita ya daɗe da kashewa ya tafi. Muryar Lucius ta dishe da ihun wasa, ya yi gyaran murya, ya ɗaga ta iyakar ƙarfinsa.

"Mai lamba goma sha biyu, mai jifa, Cordell Pettway, daga Belzoni."

Suka fara takawa. Ma'aikatan nan biyu suka dakata da naɗin igiya suna kallo.

"Tare da kakarsa, Mis Odessa Pettway."

Takalminta na nutsewa, Cordell yana ɗago ta a hankali.

"Yana karatun koyar da lissafi. Zai kammala..."

Nan maganar ta tsaya. Sauran yaran duk an ce musu watan Mayu, shi kuwa ba shi da watan da zai faɗa wanda ba ƙarya ba.

Mis Odessa ta tsaya, ta waigo. Ruwa na bin fuskarta, ba ta share ba.

"Ƙarasa mana. Ai a falona ba ka yi in'ina ba."

Ya tsaya da sandarta a hannu ɗaya, hularsa a ɗayan. Ta ba shi lokaci, ta jira har jiran ya yi tsawo.

"To," ta ce. "Ka san gidan. Duk garin da suka jefa ka, in ka samo watan, ka zo ka faɗa mini da bakinka."

Ta juya ta ja hannun jikanta, suka ci gaba da takawa zuwa tsakiyar fili.